Daga Munich Zuwa Châteauroux: Abin Da Na'ura Ke Gani A Hannun Maharbi

Wanda ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba U6 daga tsakiyar birnin Munich ya nufi arewa, da ya wuce babban filin ƙwallon Bayern zai iso tashar Garching-Hochbrück. Daga nan akwai 'yar tafiya kafin a kai filin harbin da Jamus ta gina domin wasannin Olamfik na 1972, inda har gobe ake yawan shirya gasar kofin duniya ta harbi. Baƙon da ya je da tunanin zai ji rugugi da warin albarushi zai sha mamaki idan ya fara shiga zauren mita 10. Layin mutane ne a tsaye, kowa ya ba abin bara gefen jikinsa, hannu ɗaya a miƙe da ƙaramar bindigar iska, ɗayan a aljihu ko a maƙale da ɗamara. Ba ka jin komai sai tas, tas, jefi-jefi. Gaban kowane maharbi akwai ɗan allon kwamfuta da ke nuna masa inda ƙwayar dalmarsa ta sauka. A ranakun atisaye kuwa za ka ga wasu da wata 'yar na'ura ɗaure a ƙasan bakin bindiga, suna danna kunama ba tare da komai ya fita ba, koci na zaune a baya ya zuba wa kwamfuta ido. Wannan na'ura ce ta sa tafiyar ta cancanci rubutu, domin ta raba kan masu sana'ar: wasu na ganin ita ce babban malami, wasu na ganin abin wasa ce mai tsada. Ni a ganina kowane ɓangare ya faɗi rabin magana. Na'urar tana nuna abin da ido bai taɓa gani ba, amma amfaninta bai cika sai a hannun wanda ya san lokacin da zai kashe ta.

Kafin a yi gardama a kan maganin, gara a san ciwon. A gasar ƙaramar bindigar iska ana harbi 60 cikin minti 75, daga nisan mita 10. Da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, ƙwayar dalmar kuma milimita 4.5. Idan aka yi lissafi, gocewar tsinin saiti na gaba da kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita ta isa ta fitar da harbi daga goma zuwa tara. Ga kuma wani ƙulli: doka ta ce kunama ba za ta saki ba sai an matsa mata da nauyin giram 500 aƙalla, alhali bindigar kanta nauyinta kusan kilo ɗaya ne. Ma'ana, yatsa ɗaya zai yi aikin da ya kai rabin nauyin abin da ke hannu, sauran yatsun huɗu da wuyan hannu kuma su yi kamar ba su ji ba. Babu ɗan Adam da hannunsa ke tsayawa cak. Na zakaran duniya ma yana yawo, sai dai yawon nasa ɗan ƙarami ne kuma a hankali. Don haka ba rawar hannu ce ke ɓata yawancin harbi ba. Abin da ke ɓata shi yana faruwa ne a ƙiftawar idon ƙarshe, lokacin da maharbi ya ga saiti ya zo daidai ya ce bari in cafke, sai yatsa ya fizga, bakin bindiga ya tsunduma. Ga mai harbi da dama, irin wannan harbi yakan sauka ƙasa ta hagu. Koci mai kaifin ido ya daɗe da sanin haka daga ramukan da ke jikin takarda, amma rami labarin abin da ya riga ya wuce yake bayarwa, bai nuna hanyar da aka bi aka isa can ba.

Hanyar ake gani idan aka bar Hochbrück aka shiga ƙauyukan Bavaria, inda da wuya ka sami gari babu ƙungiyar maharba, wani lokaci zaurenta a ƙasan gidan abincin garin yake. Ƙungiyar maharba ta ƙasar, wadda aka kafa a Gotha a 1861, tana da mambobi fiye da miliyan ɗaya. A irin waɗannan zauruka za ka tarar da na'urar SCATT, ƙirar Rasha, ko makamanciyarta. Idonta yana ɗaure a jikin bindiga yana kallon abin bara, yana aika wa kwamfuta kowane motsi. A allon sai ka ga zare yana zana kansa: kore ne tun daga lokacin da saiti ya shiga baƙin da'ira, ya koma rawaya a daƙiƙa ɗaya ta ƙarshe, ya zama shuɗi gab da sakin kunama, bayan sakin kuma ja. Ka kalli zaren sabon shiga: koren yana yawo cikin takwas da tara, ba laifi, rawayan ma ya taru wuri guda, sai shuɗin ya yi wani tsalle kamar an tsikare shi, ya faɗa bakwai. Ka kalli na gwani: shuɗin ɗan guntu ne kwance cikin rawayan, jan kuma bai bar wurin ba sai bayan ɗan lokaci. Yaron da aka yi wata shida ana ce masa "kana fizgar kunama" yana musu a zuciyarsa, ranar da ya ga wannan tsallen da idonsa musu ya ƙare. Akwai kuma abin da zaren ke tonawa wanda koci ma kan rasa, wato maharbin da hannunsa ya fi natsuwa a daƙiƙa ta biyar ko ta shida, amma tsoro ya hana shi saki sai ta goma sha biyu, bayan kafaɗa ta gaji kuma ido ya fara dishi-dishi.

Ba Rasha kaɗai ke wannan sana'a ba. Kamfanin Noptel na birnin Oulu a arewacin Finlan ya fara irin wannan aiki tun shekarun 1980. A Amurka, inda masu ƙananan bindigogi suka fi ko'ina yawa, kasuwa ta bi ta wata hanya mai araha: MantisX 'yar na'ura ce da ke manne a ƙasan bindiga, ba ta kallon abin bara ko kaɗan, motsi kawai take ji irin yadda wayar hannu ke sanin an karkata ta, sai ta aika wa waya maki cikin ɗari da hasashen kuskuren da aka yi. Akwai harsashin ƙarya mai fitar da ɗigon hasken leza idan aka danna kunama, akwai kuma bindigogin roba irin su SIRT da ba sa ɗaukar harsashi sam. Bai kamata a zuba su duka a kwando ɗaya ba. Wadda ke nuna ɗigon haske kawai ba ta faɗi abin da takarda ba ta faɗa ba, sai dai ta rage kuɗin harsashi, kuma takan koya wa mutum mugun hali na ɗauke ido daga tsinin saiti yana neman ɗigon a bango. Wadda ke jin motsi ta fi ta, amma hasashenta hasashe ne: takan ce yatsa ya yi yawa a kan kunama alhali matsalar riƙo ce. Mai zana zaren saiti ita ce ta kawo sabon ilimi na gaske, ita ce kuma ta fi tsada.

Suka ta farko da za ka ji daga bakin tsofaffin maharba, musamman masu harbin mita 25 da harsashi na gaske, ita ce harbin da babu ƙara babu zabura ba harbi ba ne. Suna da hujja. Babban abin da ke lalata harbin mai ƙaramar bindiga shi ne jiki ya san ƙara da turi na zuwa, sai ya riga su, ya danne bakin bindiga kafin harsashi ya fita. Wanda ya san bindigarsa wofi ce ba shi da abin tsoro, don haka zarensa zai yi kyau a falo, ya je fili ya watse. Amma wannan hujja iyakar na'urar ta nuna, ba ta rushe ta ba. Da farko, yawancin waɗannan na'urori ana iya barin su a jikin bindiga lokacin harbi na gaske, kuma a nan ne suka fi ban sha'awa, domin zaren harbin wofi da na harbin harsashi idan aka jera su, tazarar da ke tsakaninsu ita ce girman fargabar mutum, a rubuce. Na biyu, harbin wofi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Zakarun da suka gabata sun yi shi suna fuskantar farin bango na sa'o'i. Abin da ya rasa a da shi ne shaida: mutum na iya maimaita kuskure sau dubu a ɗakinsa yana ganin atisaye yake yi. Na uku, an gwada abin a wajen wasa. A makarantar horar da 'yan sandan tarayyar Kanada da ke Regina an koya wa wasu ɗalibai harbi da bindigar leza, aka kai su jarrabawar harsashi na gaske, aka ga abin da suka koya ya bi su. Ga kuma ribar da ba a cika ambata ba, ta huhu da jini: zauren harbi na cikin gida cike yake da ƙurar dalma, harbin wofi kuwa ba ya tayar da ko ƙwaya.

Daga Munich jirgin ƙasa na bi ta Lindau a bakin tafkin Constance ya shiga Suwizalan. Tsakanin Winterthur da Zurich akwai wani ƙaramin gari, Effretikon, da matafiyi zai iya wucewa bai ɗaga kai ba. A nan kamfanin SIUS yake, mai ƙera abin bara na lantarki da ake amfani da shi a manyan gasannin duniya. Tsofaffin samfurinsa da kunne suke aiki: makirufo a kusurwoyi suna jin ƙarar hudawar harsashi, bambancin lokacin isar ƙarar ga kowannensu ya ba da wurin. Sababbin da haske suke aunawa. Da su ake raba goma gida-gida har zuwa 10.9 a wasan ƙarshe, 'yan kallo na gani nan take. Ambatonsu a nan yana da dalili: maharbin yau ba zai iya guje wa allo ba ko da ya ƙi na'urar atisaye, domin a ranar gasa ma allon na gabansa, yana jiran idonsa bayan kowane harbi. Yadda zai zauna da shi lafiya ya zama wani ɓangare na sana'ar.

A nan ne suka ta biyu take, kuma ita ce mai nauyi, har ina ganin masu sayar da na'urorin ba sa son a tayar da ita. Masu nazarin yadda jiki ke koyon motsi sun daɗe da lura cewa bayanin da ake ba mai koyo bayan kowane yunƙuri yana gyara aikinsa a ranar, amma yana iya raunana abin da zai rage masa gobe. A 1990 Carolee Winstein da Richard Schmidt sun buga wani gwaji da ya shahara: rukuni ɗaya ana nuna musu sakamako bayan kowane motsi, ɗayan kuma rabin lokaci kawai, ana rage musu a hankali. Da aka dawo gwada su daga baya, waɗanda aka yi wa rowar bayani su suka fi riƙe abin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san makarantar allo: mai hadda da ke leƙa rubutu a ƙarshen kowace aya karatunsa zai yi santsi a gaban malam, amma ranar da aka kife allon za a san abin da ke kansa. Maharbin da ya saba juyawa ga kwamfuta da zarar kunama ta saki ya daina sauraron hannunsa. Har ma yakan fara sauke bindiga kafin harbi ya gama fita don ɗokin ganin maki, abin da jan zaren nan zai nuna ƙarara. Na yarda da wannan suka ɗari bisa ɗari, sai dai abin da ta hukunta shi ne yadda ake amfani da na'urar. Kocin da ya san aikinsa yakan juya allon ya ba maharbi baya. Bayan kowane harbi maharbin zai faɗi inda yake jin ya sauka, da lissafin fuskar agogo, "tara, ƙarfe bakwai", koci ya rubuta, sai bayan harbi goma a juyo allon a gwada faɗarsa da ta na'ura. Abin da ake horarwa a nan ba yatsa kaɗai ba ne, har da gaskiyar abin da mutum ke ji a jikinsa. Ranar da faɗarsa da ta na'ura suka riƙa haɗuwa, bukatarsa gare ta ta ragu, kuma aikinta ya yi kyau ke nan.

Daga Zurich jirgi mai gudu na kai mutum Paris cikin kusan sa'a huɗu. Ya tsallaka kogin Seine zuwa tashar Austerlitz, ya ƙara sa'a biyu da 'yan mintuna kudu, sai Châteauroux, gari mai shiru a tsakiyar Faransa wanda sojojin saman Amurka suka zauna a gefensa har 1967. A tsohon barikin soja da ke wajen garin hukumar harbi ta Faransa ta buɗe cibiyarta ta ƙasa a 2018, a nan kuma aka yi harbin Olamfik na 2024, nesa da hayaniyar Paris da kusan kilomita 270. Daga wannan cibiya hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya ya zaga duniya: mutum mai shekara 51, furfura a ka, tabarau na kullum, hannu a aljihu, ya ci azurfa tare da Şevval İlayda Tarhan a gasar mace da namiji, bayan Zorana Arunović da Damir Mikec na Sabiya. Jama'a suka ce ga shi nan, gwani ba ya bukatar tarkace. Masu ƙin na'ura suna da hujjar da ta fi hoton ƙarfi ma. A can Munich, a 1989, Sergei Pyzhianov na Tarayyar Sobiyet ya harba 593 cikin 600, kuma sai 2009 Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ɗara shi, da maki ɗaya tak. A harbin mita 50, makin 581 da Aleksandr Melentyev ya kafa a Mosko a 1980 ya yi shekara 34 kafin Jin ɗin ya kai 583. Idan na'ura na ƙara gwaninta, ina ƙarin yake?

Amsar ita ce ba a saman dutsen ake neman sa ba. Hoton Dikeç bai faɗi komai game da atisayensa ba, domin a ranar gasa doka ta hana kowa leza da madubin hange, tsinin ƙarfe da tsaga kawai aka yarda da su, hannu a aljihu kuwa tsayuwar yawancin maharba ce. Makin Pyzhianov da na Melentyev kuma sun nuna cewa iyakar abin da jijiya da ido za su iya ba ta matsa ba, kuma babu mai hankalin da ya ce kwamfuta za ta matsar da ita. Waɗannan mutane sun fito ne daga tsarin da ke ba ɗan wasa koci na cikakken lokaci da harsashi ba adadi da shekaru na zaman sansani. Tambayar da ta dace ita ce me ya rage wa wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki. A Birtaniya, bayan kisan yara a makarantar Dunblane a 1996, dokar 1997 ta haramta yawancin ƙananan bindigogi masu harsashi, har 'yan wasan ƙasar suka riƙa fita waje domin atisaye. A Japan an ƙayyade masu lasisin ƙaramar bindigar iska ga mutum 500 a duk ƙasar, don haka matasa da bindigar haske suke farawa. A Jamus yaro ba ya harba bindigar iska sai ya kai shekara 12, ƙungiyoyin ƙauye kuma da bindigar haske suke riƙe 'yan ƙasa da haka kafin ƙwallon ƙafa ta kwashe su. Wasan pentathlon na zamani ma ya ajiye dalma gaba ɗaya ya koma leza tun Olamfik na Landan a 2012. A duk waɗannan wurare na'urar ba ta yi gogayya da harsashi ba, ta tsaya ne a inda harsashi ba zai iya zuwa ba.

Mai karatu a Kano ko Gusau yana da damar ya yamutsa fuska ya ce, a wannan zamani da bindiga ta hana mutane noma da barci, wane ne ke bukatar a sauƙaƙa koyon harbi? Tambaya ce ta gaskiya, kuma dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin jerin waɗanda aka haramta sai da izini daga sama. Amma abin da wannan zare mai launi huɗu ke koyarwa, wato tsayuwa da numfashi da haƙurin sauke hannu idan harbi bai nuna ba, ba shi ɗan ta'adda ke nema ba. Waɗanda doka ta riga ta rataya wa bindiga, irin su 'yan sanda, su ne jama'a ke da haƙƙin su ga sun iya ta, kuma harsashin da ya kauce a kasuwa ba ya tambayar wanda ya samu.

Saura abu ɗaya da babu wata na'ura a cikin waɗannan da ta iya kawowa ɗaki, kuma zauren wasan ƙarshe na Châteauroux ya nuna shi. A can mutum takwas ke tsayawa, ana kiɗa, 'yan kallo na tafi da ihu, mai sanarwa na kiran maki, kuma bayan harbi goma sha biyu ana fara sallamar na ƙarshe duk bayan harbi biyu. Zuciyar da ke bugawa a hankali a zauren ƙauye a nan sukuwa take yi, yatsan da ya yi laushi wata da watanni sai ya ƙage. Manu Bhaker ta Indiya, wadda bindigarta ta sami matsala ana tsakiyar gasa a Tokyo ta fita ba komai, a wannan zaure ta ci tagulla biyu. Raôul Oudejans da abokan aikinsa a Amsterdam sun gwada 'yan sandan Holan, suka ga harbinsu na lalacewa sosai idan abokin gaba na mayar da harbi da harsashin fenti mai zafi, suka kuma ga cewa waɗanda suka yi atisaye cikin wannan matsi harbinsu ya daina lalacewa haka, waɗanda suka yi a natse kuwa nasu bai daina ba. Jamusawa sun gano nasu maganin ta hanyar gasar lig ta harbi da suka fara a 1997, inda maharbi ke fuskantar abokin karawa ɗaya, magoya baya na kaɗa ganguna da ƙararrawa a bayansa tun daga harbin farko har na arba'in.